Wa Ke Riƙe da Takardar Sunaye?

Watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur a 2023, na raka gwaggona wata makarantar firamare a cikin birnin Katsina, inda aka ce za a raba hatsi. Ana sallame sallar asuba ta aiko a tashe ni. Kafin ƙarfe bakwai layin mata ya zagaye katangar makarantar, na maza ya miƙe har bakin kwalta. A gindin wani bedi aka girke tebur da benci, samari uku na zaune, na tsakiya riƙe da takardun sunaye yana kira. Wadda aka kira ta matso, ta dangwala yatsa, a auna mata tiya biyu ta masara, ta juye a tsohon buhun taki. Muna tsaye har inuwar bedin ta dawo gindinsa. Da sunaye suka ƙare, saurayin ya naɗe takardun ya cusa a aljihun kaftani, ya ce sauran a yi haƙuri sai wani jiƙon.

Gwaggo ta matsa kusa da teburin. "Ɗan nan, sake dubawa dai. Ni ce malam ya rasu ya bar ma marayu huɗu, duk unguwa an sani."

"Wallahi Inna ba ni na rubuta ba. Yadda aka ba ni haka na kira."

"To wa ya rubuta?"

Bai amsa ba, ya shiga tattara tiyoyi. A hanyar gida ta ce kada in sa abin a rai, Allah bai tsaga da rabonmu ba. Maƙwabciyarta da ta samu kuwa tana tafe tana sa wa gwamnati albarka. Da wadda ta samu da wadda ta rasa, babu wadda ta ambaci hakki. Ɗaya ta ga alheri aka yi mata, ɗaya ta ga ƙaddara ce.

Na daɗe ina juya tambayar Gwaggo a raina, domin iyakar abin da na karanta kan yadda gwamnatoci suka fara ɗaukar nauyin talakawansu cikin shekara 140 da suka wuce, rigimar a kanta take komawa. Kuɗin tsufa, magani kyauta, abincin 'yan makaranta, duk sai an ce wane ya cancanta, wane bai cancanta ba, kuma dole wani ya riƙe alƙalami. Abin da ya bambanta wata ƙasa da wata shi ne ko wanda aka tsallake yana da inda zai kai kuka a saurare shi dole, da kuma ko mai alƙalamin yana shakkar ƙuri'arsa. Mu a nan mun saba raba abin gida biyu. Tallafi zancen ciki ne, 'yancin ɗan ƙasa kuma zancen lauyoyi da 'yan boko. Tarihi bai raba su haka ba.

Wanda ya fara abin a zamanance ma ba tausayi ne ya kama shi ba. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kawo inshorar lafiyar ma'aikata a 1883, ta haɗarin wurin aiki a 1884, sannan fanshon tsufa a 1889, wanda sai mutum ya kai shekara 70 zai fara karɓa. Amma tun 1878 ya riga ya sa an haramta ƙungiyoyi da jaridun masu ra'ayin gurguzu. Dabararsa ita ce a cika wa leburori baki don kada su yi magana da shi. Dabarar ba ta ci ba: leburorin suka karɓi inshorar, a zaɓen 1890 kuma jam'iyyarsu ta fi kowace yawan ƙuri'u.

A Ingila kuwa, dokar matalauta ta 1834 an tsara ta ne don neman taimako ya zama abin kunya. Wanda talauci ya kayar sai ya shiga gidan aikin dole, a raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya. Wanda ya karɓi sadakar hukuma kuma ya rasa damar jefa ƙuri'a, kuma ba a cire wannan sharaɗi ba sai 1918. Shi ya sa fanshon da aka kafa a 1908, sule biyar a mako ga tsohon da ya kai 70, ya zama babban al'amari duk da ƙanƙantarsa. A gidan waya ake biya, inda kowa ke zuwa sayen kan sarki, tsoho ya miƙa littafinsa ya karɓa ba tare da ya durƙusa wa jami'in matalauta ba. Daga nan sai rahoton Beveridge na 1942, wanda ya tsara yadda gwamnati za ta kula da walwalar kowa, sai zaɓen 1945 da masu ƙuri'a suka kayar da Churchill duk da nasarar yaƙi, sai hukumar lafiya ta ƙasa da ta fara aiki ranar 5 ga Yuli 1948. A asibitin wannan hukuma babu takardar sunayen talakawa. Kowa ya shiga a duba shi, attajiri da leburan ma'adinai, kuɗin kuma daga harajin kowa.

Amurka ce inda abin ya fi fitowa fili, don haka zan ɗan daɗe a kanta. A watan Agusta 1935, ana cikin karayar arzikin da ta taɓa barin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba aikin yi, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar fansho da tallafin marasa aiki. Ko'ina a cikin dokar ba a rubuta fari ko baƙi ba. Abin da aka rubuta shi ne ban da 'yan ƙwadagon gona da masu aikatau a gidaje. To a lokacin, kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen fata masu aiki da waɗannan sana'o'i biyu suke ci. Masana tarihi har yau suna ja-in-ja kan dalili. Wasu sun ce 'yan majalisar jihohin kudu ne suka matsa, don kada leburorin gonakin auduga su sami madogara su daina aiki da arha. Wasu sun ce wahalar karɓar gudummawa ce daga ma'aikatan da ba su da takardar albashi. Ko wanne ne, waɗanda aka cire ba su da abin ramawa, domin a kudu an toshe musu rajistar zaɓe da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu da barazanar kisa. Sai a 1950 da 1954 aka faɗaɗa dokar ta haɗo su.

Tallafin iyaye mata marasa ƙarfi kuwa, jihohi da ƙananan hukumomi aka bar wa tantancewa, kuma a wasu yankunan kudu da zarar lokacin tsinkar auduga ya zo sai a yanke wa baƙaƙen mata, a ce ai ga aiki a gona. Duk wanda ya san kakar auduga a Funtua ko Malumfashi ya san ma'anar wannan: an mai da tallafi bulalar kora zuwa gonar mai gida. Mafi munin misali ya faru a ƙaramar hukumar Leflore ta jihar Misisifi a ƙarshen 1962. Da baƙaƙen fata suka fara fitowa rajistar zaɓe, sai shugabannin ƙaramar hukumar suka dakatar da rabon abincin gwamnatin tarayya da sama da mutum dubu 20 suka dogara da shi a lokacin sanyi. Ba su kama kowa ba, ba su doki kowa ba a wannan mataki. Sun dai rufe rumbu, saƙon kuma ya isa.

Wannan ne ya sa gangamin Washinton na 28 ga Agusta 1963, wanda muke tunawa da shi saboda jawabin Martin Luther King, cikakken sunansa gangamin neman aikin yi da 'yanci, kuma cikin buƙatunsa har da mafi ƙarancin albashi na dala biyu a awa. Dokar 'yancin ɗan ƙasa da Shugaba Johnson ya sa wa hannu a Yuli 1964 tana da wani sashe da ba a cika ambata ba, wanda ya ce duk cibiyar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna wariya. A 1965 aka yi dokar kare ƙuri'a, kuma cikin shekara biyu rajistar baƙaƙen fata a Misisifi ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan kashi 60. A shekarar ce kuma aka kafa Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi. Da za ta fara aiki a Yuli 1966, gwamnati ta gaya wa asibitoci cewa duk mai son kuɗin sai ya cire allunan "na farare" da "na baƙaƙe", ya haɗe ɗakunan kwanciya. Abin da shari'u suka yi shekaru suna fama da shi, dubban asibitoci suka aiwatar cikin 'yan watanni. Dubi yadda abin ya juya. A Leflore an yi amfani da tallafi don hana 'yanci, bayan shekara huɗu aka yi amfani da shi don tilasta 'yanci, kuma abin da ya canza a tsakani shi ne doka da ƙuri'a.

Sai hukuncin da ya fi kusa da tambayar Gwaggo. A 1970 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa hukuma ba ta da ikon yanke wa mutum tallafin da yake karɓa sai ta sanar da shi dalili, ta ba shi dama ya zo ya kare kansa a gaban wanda ba shi ya yanke hukuncin farko ba. Wato saurayin gindin bedi ba zai ce "haka aka ba ni" ya naɗe takarda ya tafi ba.

Ba na cewa Amurka ta gama da matsalar. An kashe King a Memfis a Afrilu 1968 ne yana mara wa masu kwashe shara baya a yajin aikinsu, kuma a 1996, zamanin Clinton, majalisa ta rage wa tallafin kuɗi na iyalai matalauta ƙarfi, ta sa masa wa'adin shekara biyar a tsawon rayuwar mutum. Amma ga abin lura: fanshon tsufa da Medicare, waɗanda kusan kowane gida ke ci, duk ɗan siyasar da ya kusance su da almakashi sai ya ji jiki. Abin da aka ware wa talaka shi kaɗai ne ya yanku cikin sauƙi, don ba shi da masu tare masa faɗa.

Afirka ta Kudu ta yi nata a fili ba kunya. Fanshon 1928 ya tsallake baƙaƙe gaba ɗaya, a 1944 aka sa su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba a daidaita kuɗin ba sai 1993, ana saura shekara ɗaya su jefa ƙuri'arsu ta farko.

Mu dawo gida. Kakana na wajen uwa, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Daura, ya rasu ya bar wata 'yar gwangwani cike da takardun haraji, kowace da shekararta, ya adana su kamar takardun gona. Yakan ba mu labarin yadda malamin haraji ke zuwa da dagaci da mai unguwa, a bi gida gida, duk yaron da gemu ya fara tsiro masa a rubuta shi. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu kai da kai saboda jangali. Wanda ya gaza biya, 'yan doka su tasa shi gaba, a shanya shi a rana a ƙofar gidan hakimi, ko ya sayar da akuyar matarsa, ko ya gudu cin rani. Abin da ya tsaya mini a labarin shi ne, babu kwamfuta, babu lambar ɗan ƙasa, amma sunan kowa yana cikin littafin En'e, ba a taɓa mance gida ɗaya ba. Lokacin da hukuma ke karɓa ta san kowa. Yanzu da take bayarwa ne sunaye ke ɓacewa.

Gwagwarmayar 'yancin talaka a Arewa daga nan ta taso. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kukanta bai wuce haraji da aikin tilas da kotunan da ake ɗaure mutum don ya ƙi cire takalmi ba. Malam Aminu Kano da mutanensa sun sha ɗauri, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama, cikin laifuffukanta har da neman mata su yi zaɓe. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa suna gida, kuma ba su sami wannan dama ba sai 1976. Gwaggona ta girmi 'yancin zaɓen matan garinsu. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Gowon ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Sai kuma 1979, lokacin Katsina da Daura suna cikin jihar Kaduna, kafin a yanke jihar Katsina a Satumba 1987. Gwamna Balarabe Musa na PRP, da takwaransa Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali.

A ganina har yau babu wani shirin walwala da ya kai wannan isa ga kowa a ƙasar Katsina, kuma dalilin a bayyane yake: sokewa ba ta buƙatar takardar sunaye. Babu kansila a tsakani, babu ciyaman na jam'iyya, babu layi a rana. Ɗan NPN da ɗan PRP duk rana ɗaya kayan ya sauka daga kansu. Majalisar jihar, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe a Yuni 1981, daga baya kuma an riƙa shigo da wasu kuɗaɗen da wasu sunaye, amma shanya magidanci a rana saboda haraji bai sake zama abin da ake yi da sunan doka ba.

Sai dai akwai wani gefe na labarin da 'yan santsi da 'yan taɓo, ɓangarorin PRP biyu, duka ba su cika son ji ba. Kakana yana ƙin haraji, amma idan ya ga rijiyar En'e ta rufta ko dispensare ba magani, yakan ce kuɗinmu ne. Da arzikin fetur ya zo, kuɗin gwamnati ya koma wani abu da ke sauka daga Legas, daga baya daga Abuja, duk ƙarshen wata, kamar ruwan sama. Wanda bai ga lokacin da aka karɓa daga hannunsa ba, duk abin da aka miƙo masa kyauta zai ɗauke shi. Alhali yana biya. Tun Fabrairu 2020 harajin kayan masarufi kashi 7.5 ne, yana cikin katin waya da kayan shago da yawa, ban da tikitin kasuwa da na tasha, ban da tsadar mai da ke shiga kuɗin kowace tiya da aka ɗauko daga Dandume ko Mai'aduwa. Abin mamakin shi ne mu ba baƙin wannan tunani ba ne. Ko yaron makarantar allo ya san zakka hakkin talaka ce a cikin dukiyar mai dukiya, an ƙayyade kashi takwas na masu cin ta, mai fitarwa ba alfarma ya yi ba, har Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana ta. Muna da kalmar, muna da fiƙihunta, amma da an zo kan baitulmalin gwamnati sai mu koma "Allah ya saka wa mai girma gwamna."

Tsarin mulkin ma haka ya bar mu. Sashe na 14 na kundin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, babi na biyu kuma ya lissafa abinci da muhalli da kula da tsofaffi da marasa lafiya da ilimi kyauta. Amma sashe na 6 ya riga ya ɗaure hannun alƙalai, ya ce kotu ba za ta binciki ko gwamnati ta cika abin da ke babi na biyu ba. 'Yancin da za ka iya kai ƙara a kansa, irin na rai da magana da taro, yana babi na huɗu. An gaji wannan rabo daga kundin 1979, wanda shi kuma ya yi koyi da na Indiya. To amma alƙalan Indiya sun nemo ƙofa. Sun ce 'yancin rai bai cika ba idan babu abin ci, kuma a 2001 Kotun Ƙolinsu ta umarci jihohi su riƙa dafa wa yaran firamare abincin rana. A 2005 majalisarsu ta yi dokar da ta ba kowane gidan karkara aikin kwana 100 a shekara idan ya nema, in ba a ba shi cikin kwana 15 ba a biya shi kuɗin zama. Can ma ana cuwa-cuwa, ana jinkirta biya. Amma manomin ne ke rubuta sunansa da kansa, ya karɓi shaida, hukuma ta zama mai bashi a wuya.

Mu ma an ɗan taɓa. A 2010 kotun ECOWAS ta ce ilimin farko hakki ne na yaron Najeriya, a 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta mai da shi abin da za a iya nema a kotu. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ware musu kashi 5 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika. Mai keken guragu ya zaga ofisoshi da bankunan garinmu ya ƙirga inda zai shiga ba a ɗauke shi ba. Hukunci da doka ma sai da masu bin kadi.

Abin da muka fi yawa da shi shi ne shiri, kowane da ubangidansa, kowane ya bi ubangidan ya tafi. Shirin matan karkara na Maryam Babangida a 1987, na tallafin iyali na Maryam Abacha, PTF da Buhari ya shugabanta, NAPEP na Obasanjo a 2001, SURE-P na Jonathan a 2012. Abin da ya rage na NAPEP a yau sunansa ne a jikin keke mai ƙafa uku, yaran da ke tuƙa shi ma ba su san shirin yaƙi da talauci ba ne. A 2016 aka zo da mafi girmansu: N-Power da naira 30,000 a wata, ciyar da 'yan firamare, bashin 'yan tireda na naira 10,000 da ya biyo baya a 2018, da naira 5,000 a wata ga gidaje mafi talauci, wanda aka zuba masa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Siwizalan. Ba zan raina ba, na ga matar da ta tara nata ta sayi tunkiya, da hanau ai gara mannau. Amma lokacin da aka fara, dala tana wajen naira 305 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500, dubu biyar ɗin ta narke a hannu ba wanda za a ce ya ƙara. A Janairu 2024 aka dakatar da shirye-shiryen baki ɗaya saboda binciken kuɗi, kuma babu ko mutum ɗaya cikin masu karɓa da ke da takardar da zai nuna wa alƙali ya ce ana bin sa bashin wata kaza. Mu mutanen da suka tashi da labarin Kusugu, rijiyar da ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya kamata mu gane irin wannan ruwa: yana zuwa da azumi, da bayan ambaliya, da gab da zaɓe.

Wani abokina ma'aikacin kuɗi yakan ce duk wannan surutu ne, ina kuɗin? Kuma yana da hujja. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Ɗauki alƙawarin 2023 na naira 25,000 ga gidaje miliyan 15. A wata ɗaya biliyan 375 ke nan. Da za a mai da shi hakki na dindindin, tiriliyan 4.5 ne a shekara, kusan kashi ɗaya cikin shida na kasafin tarayya na 2024 da ya tashi a tiriliyan 28.7. Shi ya sa aka tsaya a wata uku. Na yarda ƙasar da ba ta tara haraji sosai ba za ta yi abin da Ingila ta yi a 1948 ba. Inda muka rabu da shi, ni ina ganin ƙarancin kuɗin ne ma ya sa ya kamata a zaɓi abu kaɗan, a ɗaure shi da doka, a sa sharaɗin da kowa zai gani da ido. Tsohuwar da ta kai 70, duk unguwa ta san ta. Yaron da ke aji, yana aji. Mace mai ciki ba ta buƙatar wasiƙar kowa. "Mafi talauci" kuwa, a mazaɓar da gida takwas cikin goma ke kwana da tunanin abin karyawa, hukunci ne da wani zai yanke, kuma wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Masu tsara kundin talakawa na ƙasa, wanda aka fara da taimakon Bankin Duniya, sun yi ƙoƙarin kauce wa wannan. Akan tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi abin da talauci ke nufi a wurinsu, su lissafo gidaje, sannan ma'aikata su bi su tantance. Ya fi aljihun kansila nesa ba kusa ba. Amma kundin hoto ne na rana ɗaya, talauci kuwa tafiya yake. Gwaggo ba ta cikin mabuƙata ranar da malam ke raye. Akwai teburin karɓar koke, sai dai na masu rabon ne da kansu. Da aka ƙara sharaɗin lambar ɗan ƙasa da asusun banki don toshe sunayen bogi, sai ya toshe har da tsofaffin da surfe da wanki suka cinye musu zanen yatsu, na'ura ta ƙi karantawa. Kayan hatsi da ake rabawa ta jihohi kuma sau da yawa ba sa bin kundin ma, kaso ake yi: a Katsina, ƙananan hukumomi 34, mazaɓu 361, kowace rumfa da adadinta, a miƙa wa masu ruwa da tsaki.

Waɗanda tsarin ya fi zubarwa su ne mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da 'yan bindiga suka koro, suna zaune a kangaye a gefen birni. Sunansu, in ma an taɓa rubutawa, yana ƙauyen da ba kowa. Rumfar zaɓensu tana can. Mai unguwar da suke zaune a ƙasarsa yana da nasa mutanen da kason bai ishe su ba, kansilan wurin kuma ya san ba da ƙuri'arsu zai dawo ba. Babu wanda ya ƙi su, kawai babu wanda zai rasa komai idan ya mance da su.

Da azumin da ya biyo baya aka sake shelar rabo. Ni da ke wannan dogon bayani, ban rubuta koke ba, ban nemi lauya ba. Na kira wani da muka yi sakandare tare, wanda na ji yana cikin masu haɗa sunayen mazaɓarmu, muka gaisa, na tambayi iyali, na ce akwai wata gwaggona. Ya ce haba, ai da ka faɗa tun wancan karon. Wannan karon ita ce ta goma sha wani abu da aka kira. Ta dawo da tiya biyu ta shinkafa da 'yar taliya, ta ɗebar wa wata mata 'yar Batsari da ke kangon bayan gidanta, ta soya gyaɗa ta ƙulle a leda ta ce in kai wa yaron kirkin nan, in ce ta gode, Allah ya raya zuri'a. Na kai masa. Ya ce ba komai, sai dai gurbin rumfarsu a ƙirge yake, sai da ya ɗan yi gyara. Ban tambaye shi sunan wa ya goge ba.